Ƙafa ta tashi, hannu ya ƙi

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya kan mahaifinta. Wata huɗu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ƙafa ta yi sauƙi har yana takawa da sanda, amma hannu yana nan a naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule. Safe da yamma suna yi masa tausa, sun kuma sayo masa ƙwallon roba yana matsawa. Wani ya ce musu idan aka cika wata shida hannu bai tashi ba, to sai haƙuri. Tana so ta san ko gaskiya ne, da abin da ya rage su yi.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya. Zan fara da maganar da ba lallai ta yi miki daɗi ba: tausar da kuke yi ba ita za ta tayar da hannun ba. Ba na cewa ku daina. Tana rage tsami da kumburi, tana kuma sa shi jin ana kula da shi. Sai dai ciwon ba a hannun yake ba. A ƙwaƙwalwa ne abin ya faru. Ko dai wata jijiyar jini ta toshe, wanda shi ya fi yawa, kusan kashi 85 cikin ɗari na masu wannan lalura, ko kuma ta fashe, sai wani yanki ya rasa jini ya mutu. Tunda dama ce ta shanye, ɓarnar tana hagu, domin jijiyoyin da ke kai saƙon motsi suna giciyewa a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka. Hannu yana zaune ne yana jiran umarni, umarnin bai iso ba. Mai murza shi yana lallashin ɗan aike ne, alhali mai aiken ne ke kwance.

Yankin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Abin da ke faruwa shi ne maƙwabtansa su karɓi aikin, su buɗe sababbin hanyoyi zuwa hannu. Amma ba sa karɓa sai an matsa musu. A 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, ya nuna haka a jikin birai. Waɗanda aka bari ba horo bayan rauni a ƙwaƙwalwa, sai wurin da ke kula da yatsunsu ya ƙara tsukewa, har ɓangaren da ciwon bai taɓa ba. Waɗanda aka sa su tsinto ƙananan abubuwa daga ramuka kullum, wurin ya tsira. Abin da ke koyar da ƙwaƙwalwa shi ne yunƙurin da mai ciwon ya yi da kansa, yana nufin wani abu, ya maimaita shi sau da yawa. Idan ke kika ɗaga masa hannu kika sauke sau ɗari yana kallon wani wuri, kin taimaki gaɓoɓinsa kada su ƙage, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta koyi komai ba.

Kada kuma ki yi mamakin yadda ƙafa ta riga. Haka muke gani a mafi yawan mutane. Jijiyar jinin da ta fi toshewa ta fi ciyar da yankin hannu da fuska a kan yankin ƙafa. Aikin yatsu kuma aiki ne mai laushi, kowane yatsa da nasa saƙon, ba kamar taku ba. Ga wani dalili da yake hannunku: ba a tafiya da ƙafa ɗaya. Duk sanda Baba ya miƙe, duk sanda ya je banɗaki, dole ƙafar dama ta yi aiki, ko tana so ko ba ta so. Hannu kuwa yana da ɗan'uwa da ke rufa masa asiri. A makonnin farko ya gwada ɗaukar kofi, kofi ya faɗi, ya ji kunya, ya koma hagu. Bayan wata biyu ƙarfi ya ɗan fara dawowa dama, amma shi ya riga ya sallama ta, ya daina tambayarta komai. Edward Taub, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan, ya kira shi koyon rashin amfani da hannu. Ina yawan ganin mutumin da hannunsa zai iya abin da ya fi wanda yake yi, amma ya manta da shi a kan cinya kamar kayan aro.

Maganar wata shida tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Gaskiya ne sauƙin da ke zuwa da sauri yana zuwa ne a wata ukun farko, daga nan ya riƙa lafawa har wajen wata shida. Abin da ke lafawa shi ne sauƙin da jiki ke kawowa da kansa. Koyo ba ya rufewa. A asibitin Queen Square da ke Landan, Nick Ward da abokan aikinsa sun ba mutum 224 horon hannu na awa 90 cikin mako uku. Rabinsu sun kai shekara ɗaya da rabi ko fiye da ciwon kafin su fara. Rahotonsu na 2019 ya nuna hannayen sun ci gaba, kuma ci gaban yana nan da aka sake auna su bayan wata shida. Ki lura da adadin: awa 90. Mutane da yawa da aka ce musu sun tsaya, ba ƙwaƙwalwarsu ce ta tsaya ba, horon ne bai taɓa isa ba. Baba yana wata na huɗu, lokaci ne mai tsada, kada ku ɓata shi da jiran ranar da hannu zai farka da kansa.

Kafin komai ina so ki yi masa wani ɗan gwaji. Ki zaunar da shi a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, ki ɗora hannun a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa, wuyan hannun ya ɗan leƙo bakin tebur. Ki ce ya ɗaga bayan hannun sama. Sannan ki ce ya buɗe yatsu. Ki sa ido sosai, ki ba shi lokaci, domin saƙon yakan yi jinkiri. Ko ɗan motsi ne a babban yatsa da ɗan ali, kamar za su rabu da tafi, ki riƙe shi da muhimmanci. Daga nan ki ce ya buɗa damtsensa gefe, ya nisanta gwiwar hannu da haƙarƙari. Waɗannan biyun, buɗe yatsu da buɗa kafaɗa, su ne ma'aunin da muka fi dogara da shi. Wani bincike a ƙasar Holan a 2010 ya gano cewa wanda yake da su tun kwana na biyu da ciwon, kusan tabbas ne, kashi 98 cikin ɗari, zai samu wani amfanin yatsu a wata shida. Wanda ba shi da su a lokacin, kashi 25 ne. Ba zan ɓoye miki ba: idan a wata na huɗu babu ko ɗigon motsi a yatsu, zai yi wuya hannun ya koma rubutu da ɓalle maɓalli. Amma ko a nan akwai abin nema. Hannun da zai danne takarda yayin da ɗayan ke rubutu, wanda zai shiga hannun riga ba faɗa, wanda ba ya ciwo da dare, ya fi wanda aka bari ya ƙage nesa ba kusa ba.

In akwai motsi, ko kaɗan ne, to ga aikin. Ku zaɓi abubuwa uku ko huɗu da Baba yake yi a rayuwarsa kuma yake kewar su. Kada ku zaɓa masa, ku tambaye shi. Ɗaukar kofi, goge fuska da tawul, juya shafin littafi, kunna fitila, riƙe waya. Sai a yanka kowane aiki gunduwa-gunduwa. Ɗaukar kofi ba abu ɗaya ba ne: miƙa hannu ne, da buɗe yatsu, da kamawa, da ɗagawa, da ajiyewa, da saki. Inda ya maƙale, nan za a zauna. Idan miƙawa ce ta gagara, ki sa tawul a ƙarƙashin hannunsa a kan tebur mai santsi, ya tura shi gaba zuwa wata alama da kika manna, ya dawo. Idan ya iya sau bakwai ko takwas cikin goma, ki matsar da alamar gaba da faɗin yatsa biyu. Idan sau biyu kawai yake iyawa, kin yi nisa, ki dawo da ita. A tsakanin nan koyo yake, inda yana cin nasara amma da gumi.

Ki tsaya a bayansa wani lokaci ki kalli yadda yake miƙawa. Za ki ga kafaɗa ta haura wajen kunne, gwiwar hannu ta buɗe gefe, ƙirji ya rusuna gaba, har hannu ya kai ga kofin ba tare da gwiwar ta miƙe ba. Jiki ne ya yi wa hannu wayo. Kofi ya zo, amma ba hannu ya je ba. Ki sa bayansa ya manne da jinginar kujera, ki ɗora tafinki a ƙirjinsa don tunatarwa, ki matso da kofin kusa. Gara ya kai rabin tafiya da hannu da ya kai duka da ƙirji.

Sai batun yawa, wanda nan ne aka fi yin sakaci, har mu masu aikin gashi, wato masu horar da gaɓoɓin marasa lafiya a asibiti. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna suna ƙirga abin da ake yi a ɗakunan gashi a Amurka da Kanada. Sun samu cewa a zama ɗaya mai ciwo yana maimaita aikin hannu kusan sau 32 ne. Dabbobin da aka ga ƙwaƙwalwarsu ta sauya da horo kuwa sau 400 zuwa 600 suke maimaitawa a rana. Daga baya ayarin nata ya nuna mutum zai iya kai sau 300 cikin awa ɗaya idan an tsara. Shi ya sa nake gaya wa iyalai cewa zuwa wurinmu sau biyu a mako ɗaukar darasi ne, karatun a gida ake yin sa. Ƙa'idar jinyar wannan ciwo ta Birtaniya ta 2023 ma ta ce a nemi aƙalla awa uku na horo a rana, kwana biyar a mako, ga wanda zai iya. Ki samu littafi ki riƙa rubutawa: tura tawul sau 50, buɗe yatsu a kan kofi sau 40, da kwanan wata. Ku raba shi zama uku ko huɗu na minti ashirin-ashirin, da safe kafin ya gaji ya fi. Littafin yana da wani amfani: ci gaban hannu a hankali yake zuwa, wanda ke ganinsa kullum ba ya lura, sai ya duba shafin wata guda da ya wuce.

Ƙwallon roba kuma ku ajiye ta tukuna. Dunƙulewa ita ce abin da hannun ya riga ya iya, har ya wuce gona da iri. Abin da ya rasa shi ne buɗewa da saki. Duk atisayen da za ku yi da yatsu, ya ƙare da saki: ya kama murfin kwalba, ya kai shi cikin kwano, ya buɗe yatsu ya sake shi da kansa, ba ya fizge hannu baya murfin ya zame ba.

Idan gwajin nan ya nuna yana iya ɗaga wuyan hannu kaɗan, yana kuma miƙe babban yatsa da wasu yatsu biyu, to ki yi wa mai yi masa gashi maganar horon ɗaure hannu mai lafiya. Daga aikin Taub aka samo shi. Ana sa wa hannun hagu safa mai kauri don ya kasa kamu, dole dama ta fito. A babban gwajin da aka buga a 2006 a Amurka, kan mutum 222 da suke tsakanin wata uku zuwa tara da ciwon, sun sa safar kusan duk lokacin da suke a farke na mako biyu, da horo har awa shida a ranakun aiki, kuma sun fi waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, har bayan shekara guda. Akwai mai sauƙi da ake yi yanzu, 'yan awanni a rana na makonni da dama. Amma tunda Baba da sanda yake tafiya, a zaune kawai za a sa safar. Ba a ɗaure hannun da mutum zai tare faɗuwa da shi.

Na taɓa yin aiki da wani dattijo tela, wata goma sha ɗaya da ciwonsa. Ya shigo hannunsa na dama a cikin aljihu, ya ce mini shi ƙafa ya kawo, hannu ya riga ya mutu. Na roƙe shi ya fito da shi. Da na ce ya buɗe yatsu, sai ɗan ali ya motsa kamar faɗin ƙwayar ashana. Shi kansa ya tsaya yana kallon yatsan. Muka fara da yanki na yadi a kan tebur: ya ɗora tafi ya shimfiɗe shi, ya ja, ya sake. Matarsa ce ke riƙe da littafin ƙirga. Bai koma zura zare a allura ba, kuma ban taɓa yi masa alkawarin haka ba. Amma bayan wata uku dama ce ke danne yadi tana tura shi a ƙarƙashin keke.

In kuma babu motsi a yatsu, ana farawa daga sama. Ya kwanta rigingine, ki tallafi damtsensa yana kallon rufi, shi kuma ya yi ƙoƙarin kai tafi goshi ya miƙe gwiwa. Ya haɗa hannu biyu a kan tawul ya tura tare. Madubi ma yana da amfani a nan: a tsayar da shi a tsakiyar tebur, hannun dama a ɓoye a bayansa, ya riƙa buɗe hagu yana kallon hotonta a madubi kamar dama ce ke motsi, yana ƙoƙarin bin ta, minti goma sha biyar zuwa talatin a rana. Akwai kuma na'urar da ke tsikarar tsoka da lantarki ta buɗe yatsu, tana taimakawa idan yana yunƙuri tare da ita, kuma ƙwararre ne zai saita ta. Manyan injuna na zamani kada su ɗauke miki hankali. An gwada horo da mutum-mutumi kan mutum 770 a Birtaniya, sakamakon 2019 bai nuna ya fi jinyar da aka saba wajen dawo da aikin hannu ba.

Kafaɗa ce nake jin tsoro. Gaɓa ce da tsoka ke riƙe da ita, to idan tsoka ta saki, nauyin hannu yakan janyo kan ƙashin ƙasa. Ki shafa saman kafaɗarsa yana zaune, ki kwatanta da ta hagu. Idan kin ji wani rami da yatsa zai shiga, ta goce. Kada kowa ya ja shi ta wannan hannu don tayar da shi, kada a ɗaga shi ta hammata. Igiyar nan da ake ratayawa a saman ƙofa ana jan hannu sama da ɗayan, ku guje ta, ta jawo wa mutane da yawa ciwon kafaɗa. Kada a ɗaga hannun ya wuce daidai kafaɗa sai an nuna muku yadda ake juya damtse waje ana bin allon kafaɗa. A zaune, hannu ya kasance a kan matashi ko tebur inda idonsa ke ganinsa. Wajen sa riga, dama ce ke fara shiga, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Maratayin hannu na lokacin tafiya ne kawai in hannun ya saki yana lilo, ba na yini duka ba, domin a naɗe yake riƙe shi, yadda ciwon ma yake so. Ciwo mai suka a kafaɗa alama ce ta a tsaya, ba ta a daure ba. Idan kuma hannu ya kumbura, ya yi ɗumi da sheƙi, yana zogi da an taɓa, ku kai shi likita ya gani.

Sandarewar da ta naɗe hannun tana ƙaruwa da fizga, da sanyi, da ciwo, da fushi. A hankali ake buɗe ta: ki fara da fito da babban yatsa daga tafi, sauran sukan biyo, ki riƙe a miƙe kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Ki wanke cikin tafin kullum ki busar, ki yanke farce. In ta yi tsanani akwai allurar botulinum da likita ke yi a tsokar, tana sassauta ta kamar wata uku, amma sassautawa kawai take yi, horo ne zai cike gurbin. Ruwan zafi kuwa ku yi hattara da shi. Da yawan masu wannan lalura ba sa jin zafi sosai a ɓangaren da ya shanye, sai an ga ƙuna.

Tunda hagun ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, mai yiwuwa magana ko fahimtarta ta ɗan yi masa nauyi. In haka ne ki rage bayani, ki yi abin a gabansa ya gani. Kuma ki ja kunnen 'yan gida, da kanki ma. Tausayi ne ke sa ku miƙa masa komai kafin ya nema, ku sa masa riga don a yi sauri. Ku ba shi minti biyar ɗin nan ya yi fama. Ki zauna ta damansa, ki ajiye wayarsa da kofinsa ta dama. Idan kin ga ya daina sha'awar komai, yana yawan shiru ko kuka, barci ya lalace, kada ki ɗauka taurin kai ne. Ciwon damuwa yana kama kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi wannan lalura, yana da magani, kuma wanda yake ciki ba zai yi atisaye ba.

Maganin hawan jini da sauran abin da likita ya rubuta kada a tsallake su, kuma kada ya riƙe numfashi yana nishi wajen atisaye. Idan baki ya sake karkacewa farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko wani ɓangare ya sake saki, ko kai ya sara masa da ƙarfi, asibiti za ku nufa nan take, ba a jira a ga gari ya waye.

Gwajin yatsun nan ki yi shi gobe da safe. Ki ɗauki hoton bidiyonsa da waya daga gefe, yadda wuyan hannu da yatsu za su fito sosai, ki tafi da shi da littafin ƙirgar wurin mai yi masa gashi, ki ce ya zaɓa muku ayyuka uku da adadin da za a yi kowace rana. Bayan mako huɗu ki sake ɗauka a kan tebur ɗin, daga gefen da kika ɗauki na farko.